Tsohon fim ɗin da ake faɗan takobi a kan kujerun gidan wasa

Tambaya: Ina yaro na taɓa kallon wani tsohon fim na Turawa mai kala, inda wani mutum ya ɓuya cikin 'yan wasan barkwanci yana sanye da abin rufe fuska mai dogon hanci. A ƙarshe ya yi dogon faɗan takobi da wani basarake a cikin gidan wasa, har suna taka kan kujeru. Na manta sunansa. Wane fim ne, kuma yaya aka ɗauki wannan faɗa ba a kashe kowa ba? Ya cancanci in sake nemansa, ko ƙuruciya ce ta ƙawata mini shi?

Amsa: Ɗan'uwa, fim ɗin da kake nema Scaramouche ne, na kamfanin MGM, wanda ya fito a 1952. Ka neme shi, domin ƙuruciya ba ta yaudare ka ba. George Sidney ne ya ba da umarni. Stewart Granger ne jarumin, a matsayin André Moreau, Mel Ferrer kuma shi ne basaraken da ka tuna, Marquis de Maynes. Mata biyun da labarin ke juyawa a kansu su ne Eleanor Parker a matsayin Lenore 'yar wasan kwaikwayo, da Janet Leigh a matsayin Aline. Tsawonsa minti 115. An ɗauko labarin daga littafin Rafael Sabatini na 1921, marubucin da aka haifa a Italiya a 1875 ya yi rubutunsa da Turanci, wanda kuma shi ne ya rubuta Captain Blood. An taɓa yin fim ɗin tun 1923, zamanin da fim ba ya magana, kuma Lewis Stone da ya fito a matsayin mugun basarake a wancan, shi ne dattijon da ya riƙi André a wannan na 1952.

Kafin a zo kan yadda aka ɗauki faɗan, sai an fahimci abin da ya sa ya zauna maka a rai shekara da shekaru, alhali ka kalli faɗan takobi da yawa ka manta da su. Sirrin yana cikin abin da ya gabace shi.

Labarin yana Faransa ne, gab da juyin juya halin 1789. André mutum ne da bai san mahaifinsa ba, ana aiko masa da kuɗin kashewa ta hannun lauya, ba shi da sana'a sai yawo da zance da neman mata. Amininsa Philippe de Valmorin, wanda suka tashi gida ɗaya, shi ke rubuta takardun sukar masu sarauta a ɓoye da sunan Marcus Brutus. De Maynes ɗan'uwan sarauniya Marie Antoinette ne, kuma babu wanda ya kai shi iya takobi a ƙasar. Ya gano Philippe a wani masauki, ya tsokane shi da gangan har yaron ya zare takobi, sannan ya yi ta wasa da shi kamar kyanwa da ɓera kafin ya soke shi a gaban André. André ya ɗauki takobin mamacin ya yi kansa, amma bai ma san yadda ake riƙe shi ba. Da kyar ya tsira da ransa, bayan ya rantse cewa da takobi zai kashe de Maynes, yadda ya kashe amininsa. Gudun neman mafaka ne ya kai shi cikin ayarin 'yan wasan Gaston Binet, inda ya sa abin rufe fuskar Scaramouche, domin sojan da ke nemansa ba zai yi tunanin leƙa fuskar wawan dandamali ba.

To, lura da nan. A yawancin finafinan irin wannan, jarumi da iyawarsa yake shigowa, abin jira kawai shi ne ranar da zai gamu da bos. A wannan kuwa jarumin daga ƙasa ya fara. Ya je ya koyi takobi a ɓoye wurin Doutreval na Dijon, wanda shi ne malamin de Maynes ɗin kansa. Ya yi watanni yana koyo, ya fara jin kansa, sai de Maynes ya riske shi a ɗakin atisaye ya sake wulaƙanta shi, yana yankar rigarsa da fatarsa kaɗan-kaɗan, har sai da Aline ta samar masa hanyar tserewa. Sau biyu ke nan ana kayar da shi a gaban idonka. Sai ya tafi Paris wurin Perigore, malamin malaminsa, ya sake durƙusawa. Saboda haka lokacin da aka zo faɗan ƙarshe, kai mai kallo ka riga ka san ƙarfin de Maynes, ka san abin da André ya biya, kuma an koya maka isasshen karatun takobi da za ka gane wanda ke gaba da wanda ke baya a kowane taku. Mutum ba ya manta faɗan da ya fahimta.

Takobin da ake magana a kai ya sha bamban da namu. Takobin Hausa faffaɗa ne, mai kaifi biyu, na sara, irin wanda mahayi ke kai wa daga kan doki. Na masu sarautar Faransa a ƙarni na 18 siriri ne, tsawon ruwansa wajen santimita 80, nauyinsa bai cika wuce rabin kilo ba, kuma sau da yawa ruwan mai kusurwa uku ne, ba shi da kaifin kirki. Duk aikinsa a tsini yake. Da shi ba a sara, suka ake yi, kuma sukar da ta shiga ƙirji da 'yan santimita ta isa ta kashe. Shi ya sa ƙarfin damtse ba ya amfani a nan. Da babban yatsa da manuni ake sarrafa tsinin, sauran yatsu uku tallafi ne kawai. Darasin da Doutreval ya ba André a kan riƙo, inda ya kwatanta takobi da tsuntsu a tafin hannu wanda matsewa ke kashewa, sassautawa kuma ke ba shi damar tashi, tsohon karatu ne na makarantun takobin Faransa, kuma daidai yake. Wanda ya damƙe mariƙi da ƙarfi, wuyan hannunsa zai sandare, motsinsa ya koma daga kafaɗa, ya zama mai faɗi da jinkiri, abokin karawa ya ga sukar tun kafin ta taso. Wanda ya yi sakaci kuma, bugu ɗaya a tsakiyar ruwan takobin zai fitar masa da shi daga hannu. Makarantar Faransa tana da kariya takwas, kowace da lambarta, gwargwadon ɓangaren jikin da take rufewa da yadda aka juya hannu.

Akwai wani yanki na labarin da mutane ke ɗauka ƙirƙira ce, alhali yana da tushe. A fim ɗin an shigar da André Majalisar Ƙasa a matsayin wakilin talakawa, saboda wakilan masu sarauta suna tsokanar wakilan talakawa zuwa fito-na-fito suna kashe su, tunda su an horar da su da takobi tun suna yara, lauyoyi da 'yan kasuwa kuwa ba su san kansa ba. Majalisar ta kafu ne a ranar 17 ga Yuni 1789, kuma an yi irin wannan karawa tsakanin wakilai. A 1790 Barnave da Cazalès sun fita da bindiga, a Nuwamban shekarar kuma Duc de Castries ya raunata Charles de Lameth da takobi, abin da ya sa jama'ar Paris suka afka gidan Castries suka farfasa kayansa. Fim ɗin ya ƙara gishiri a yawan gawarwaki, amma tsoron da ya nuna tsoro ne da aka yi da gaske. Shi ma Scaramouche ba Sabatini ne ya ƙago shi ba. Tsohon hali ne a wasan barkwancin Italiya da ya samo asali a ƙarni na 16, mai cika baki da gudu idan faɗa ya kankama, kuma sunan daga kalmar Italiyanci ta ƙaramar arangama ya fito. Tiberio Fiorilli, wanda ya rasu a 1694, shi ya shahara da wannan hali a Paris.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Fito-na-fito na gaskiya da irin wannan takobi ba ya daɗewa, kuma ba shi da daɗin kallo. Mutum biyu ne ke tsaye nesa da juna, suna ɗan motsa tsini, sai wani ya yi kuskure ɗaya, cikin ƙiftawar ido an gama. Kyamara ba za ta ma kama abin da ya faru ba. Abin da ake yi a fim kusan kishiyar wannan ne: ana faɗaɗa kowane motsi domin ido ya gan shi, ana kai hari inda aka san kariya na jira, kuma mutanen biyu abokan aiki ne masu taimakon juna ko da fuskokinsu na nuna ƙiyayya. Jean Heremans, gwanin takobi ɗan Beljiyam da ke aiki da MGM, shi ya horar da Granger. Faɗan ƙarshe ya wuce minti shida a allo, an shafe mako takwas ana shirya shi, kuma sai da jaruman suka haddace musayar takobi 87.

Ga yadda ake gina irinsa. Da farko a rubuta faɗan a takarda, motsi bayan motsi, da lambobin kariyar nan: wane ya kai suka a ƙirji ta ciki, wane ya kare da ta huɗu, ya mayar ta waje, wane ya kare da ta shida ya ja da baya taku biyu. Ba a haddace shi a dunƙule. Ana yanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa motsi kaɗan ne, daga uku zuwa bakwai ko makamancin haka, sannan a sami ɗan tsaiko, ko a rabu, ko a haɗa takubba a tura juna, ko a canza wuri. Wannan tsaikon yana da aiki biyu. Yana ba mai kallo damar numfashi ya ga wanda ya ci riba, yana kuma ba 'yan wasan damar haɗa ido su tabbatar kowa ya shirya wa gaɓa ta gaba. Atisaye da tafiyar hawainiya ake fara shi, ƙafa kawai ba takobi, sannan a ɗauki takobi a yi a hankali ƙwarai, a riƙa ƙara sauri sai bayan kwanaki, idan jiki ya riga ya san hanya ba sai an tuna ba.

Babban abin tsaro shi ne tazara. Ana auna ta ne ta yadda idan mai hari ya miƙe hannu gaba ɗaya ya yi dogon taku, tsinin zai tsaya kamar taƙi guda kafin jikin abokinsa, ko ya wuce ta gefensa. Kyamara ce ke ɓoye wannan giɓi. Idan aka ajiye ta a bayan kafaɗar ɗaya, ko a karkace, ido ba ya iya auna zurfi, sai a ga kamar tsinin ya taɓa riga. Kowane hari kuma yana da matakai uku a jere: a haɗa ido, mai hari ya nuna alama da ɗan jan hannu ko ɗaga gwiwar hannu, mai karewa ya fara motsi, sannan harin ya sauka. Wato mai karewa ne ke riga tafiya, ko da yake a allo ana ganin kamar martani yake yi. Idan sara ne da za a sunkuya masa ko a tsallake shi, sai wanda za a sara ya fara sunkuyawa kafin takobi ya biyo. Takubban da kansu yawanci ruwan takobin wasanni ne da aka dasa a mariƙin zamanin da, tsininsu a dakushe. Ƙarar ƙarfen da kake ji ana gyara ta ko a ƙara ta daga baya a ɗakin sauti. Wata dabarar da aka saba da ita a Hollywood ita ce a rage gudun kyamara kaɗan, misali hoto 22 a daƙiƙa maimakon 24, ta yadda idan aka haska a 24 motsin zai ɗan ƙara sauri. In aka rage fiye da kima sai mutane su koma tsalle-tsalle irin na finafinan barkwancin da, asiri ya tonu.

Inda abin ke ɓaci sananne ne. Na farko, tazara tana cinyewa. Idan jini ya ɗau zafi, mai ci gaba yakan yi taku mai tsawo fiye da na mai ja da baya, bayan gaɓa biyu sai ka ga taƙin nan ya ɓace, tsini ya kai fuska. Na biyu, mantuwa: ɗaya ya tsallake motsi guda, ya kai harin na biyar alhali abokinsa na kare na huɗu. Dokar ita ce wanda ya manta ya ja da baya ya sauke tsini ƙasa, kada ya kuskura ya ƙirƙiro wani abu. Na uku, ƙarfen kansa. Duk haɗuwar takubba tana barin ɗan tabo a ruwan, tabon ya zama tsaga, wata rana takobin ya karye, kuma guntun da ya rage a hannu ya fi tsinin asali haɗari nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake goge tabon da magagari bayan kowace ɗauka, a kuma ajiye takubba da yawa na canji. Wannan ba tsoron banza ba ne. A gasar duniya ta 1982 a Roma, takobin abokin karawar Vladimir Smirnov, zakaran Tarayyar Sobiyet, ya karye ya huda ragar da ke kare fuskarsa, ya rasu bayan kwanaki, kuma wannan ne ya sa aka tsananta dokokin irin ƙarfen da ake ƙera takubban gasa da shi. A fim babu ma ragar. Ɗan wasan fim Christopher Lee ya rayu da lanƙwasasshen ɗan yatsa sakamakon saran da ya samu daga jarumi Errol Flynn a wurin ɗaukar wani fim a tsakiyar shekarun 1950. Na huɗu kuwa gajiya ce, domin hannun da ya gaji sauka yake yi, kariyar da ya kamata ta tsaya a ƙirji ta tsaya a ciki.

Abin da ya sa wannan faɗan ya fi takwarorinsa yana da alaƙa da mutanen da suka yi shi. George Sidney daraktan finafinan kiɗa da rawa ne. Shi ya yi Anchors Aweigh a 1945 da Show Boat a 1951, kuma a 1948 ya riga ya yi The Three Musketeers da Gene Kelly. Mai ɗaukar rawa ya san doka ɗaya da masu ɗaukar faɗa na yau suka yi watsi da ita: a nuna jiki tun daga kai har ƙafa, a bar ɗauka ta yi tsawo, kada a yanke sai motsi ya kammala. Mel Ferrer kuma da rawa ya fara a dandamalin wasan kwaikwayo na Broadway a New York, kuma kamar rawa ya haddace faɗan, da ƙirga. Dubi bayansa a miƙe, dugadugansa ba nauyi, hannun hagu a ɗage, kamar wanda aka haifa a ɗakin atisaye. Granger dogo ne mai faɗin ƙirji, shekararsa 38 lokacin ɗauka, ya yi yawancin abubuwan haɗarin da kansa, kuma salon nasa na ƙarfi da kutsawa ne. Wannan bambancin jiki shi ne labarin gaba ɗaya a taƙaice, mai gado da mai nema.

Sannan an gina faɗan a kan wuri. André ya tsaida wasa, ya cire abin rufe fuska, ya kama igiya ya lilo zuwa barandar da de Maynes ke zaune. Daga nan suka bi bakin barandar, siririn wuri da ba a iya kaucewa hagu ko dama, sai gaba ko baya, ga rami a ƙasa. Suka fita farfajiya da matakala, inda fili ya buɗe, wanda ke sama ya sami rinjaye. Suka shigo cikin zauren suna taka bayan kujeru, inda ƙafa ba ta da tabbas. Suka ƙare a dandamali da bayansa, cikin igiyoyi da labule da kayan wasa. Kowane wuri da matsalar da yake jefa wa ƙafa, saboda haka ko da hannu ya maimaita motsi, ido ba ya gajiya. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba, Victor Young ya rubuta wa fim ɗin kiɗa mai daɗi, amma a wannan faɗa an ɗauke kiɗan. Ƙarar ƙarfe ce kawai, da takun ƙafa, da ihun 'yan kallo.

Ka tuna kuma da irin kyamarar da aka yi aikin da ita. Technicolor ta wancan zamani faifan fim uku take ja a lokaci guda, wani gilashi a cikinta yana raba haske zuwa ja da kore da shuɗi. Fim mai faɗin milimita 35 yana cin ƙafa 90 a minti, wato ita tana cin 270. Ƙatuwa ce mai nauyi, ba a saɓa ta a kafaɗa a bi 'yan wasa da gudu, sai a kan keken ƙarfe ko kirane, kuma tana buƙatar fitilu masu tsananin haske da zafi. Saboda haka duk inda takobi zai bi sai an tsara shi tun kafin a kunna fitila. Charles Rosher ne ya riƙe ta, mutumin da ke cikin biyun da suka fara karɓar kyautar Oscar ta ɗaukar hoto, saboda Sunrise na 1927.

Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a faɗa masa ƙarshe, ya tsallake wannan sakin layi. André ya yi nasara, tsininsa na kan ƙirjin de Maynes, amma hannunsa ya ƙi tafiya, shi kansa bai san dalili ba. Daga baya dattijon da ya riƙe shi ya bayyana masa cewa mahaifinsa shi ne tsohon Marquis de Maynes, wato wanda ya yi ta farauta ɗan'uwansa ne uba ɗaya, Aline kuma da ya guje wa yana zaton ƙanwarsa ce, babu jini tsakaninsu. A littafin, basaraken mahaifinsa ne ma, fim ya mayar da shi ɗan'uwa. Wanda ya tashi da finafinan Indiya irin Dharam Veer na 1977 ya san wannan juyi na jini da ke gane jini, kuma ba zai ga baƙon abu a ciki ba.

Fim ɗin yana da rauninsa, kuma gara ka sani kafin ka zauna. Juyin juya halin ado ne kawai a bango, ba za ka ga yunwar da ta tayar da talakawan Faransa ba. Soyayyar André da Aline ba ta da gishiri idan aka gwada ta da abin da ke tsakaninsa da Lenore. Eleanor Parker, da jan gashinta da zafin zuciyarta, ita ce ran fim ɗin a duk inda babu takobi. Faɗansu da André a cikin keken ayari, ana jifa da tukwane da kwanoni, an tsara shi da kulawa irin ta faɗan takobi. Ita ta ɓoye shi, ita ta jure masa, kuma yadda labarin ya sallame ta a ƙarshe bai yi mata adalci ba, duk da ɗan sojan Kosika, wato Napoleon tun yana matashi, da aka haɗa ta da shi a fitowar ƙarshe. Wasannin barkwancin dandamali ma wasu za su ga sun yi yawa, ko da yake a ganina su ne ke nuna inda André ya samo saurin jiki da sanin igiyoyin gidan wasa da suka yi masa rana daga baya.

Dalilin da ya sa ba a cika ambatonsa ba, duk da ya yi kasuwa a lokacinsa, yana da sauƙin ganewa. Idan aka ce fim ɗin takobi, sunan Errol Flynn ke fara zuwa, da Captain Blood na 1935 da The Adventures of Robin Hood na 1938, su suka zama ma'auni. A 1952 ɗin kanta MGM ta fitar da Ivanhoe da Singin' in the Rain da The Prisoner of Zenda, wanda shi ma Granger ne a ciki, sai suka raba hankalin jama'a. Shekara guda bayan haka, a 1953, faffaɗan allon CinemaScope ya shigo da The Robe, finafinan da aka ɗauka a tsohon allo mai kusan murabba'i suka zama kamar kayan jiya. Ga kuma suna mai wuyar faɗa da wuyar tunawa, kamar yadda ya faru da kai.

In za ka neme shi, rubuta sunan tare da 1952, domin ban da na 1923 akwai wasu na Turai masu wannan suna daga 1963 da 1976, kuma ba su ne kake nema ba. Tsofaffin finafinan MGM na kafin 1986 yanzu suna hannun Warner, saboda haka kwafi mai kyau yakan zo da tambarinsu. Duba tsawonsa: minti 115 ne, ko wajen 110 idan daga faifan Turai aka ɗauko, saboda tsarin talabijin ɗinsu yana haska hoto 25 a daƙiƙa. Wanda ya gaza haka sosai an yanke shi. Hoton ya kamata ya zo da baƙin shafi a hagu da dama. Saita talabijin a 4:3, domin idan ka bar ta ta cika allo, ko dai ta buɗa mutane su yi faɗi, ko ta yanke sama da ƙasa, kuma ƙasan da za ta yanke nan ne ƙafafun suke, inda rabin gwanintar take. Kashe saitin nan da ke sa motsi ya yi santsi, yana sa siririn takobi ya riƙa rabewa biyu. Kada ka sauke kwafin da ingancin hotonsa ya gaza 720p, domin a ƙaramin kwafi ruwan takobin ɓacewa yake idan ya motsa, sai ka ga mutum biyu suna kaɗa hannu a iska. Idan ka ga jan layi ko kore a gefen fuskoki, ba laifin na'urarka ba ne, faifan nan uku ne ba su hau kan juna daidai ba a kwafin da aka ɗauko, sai ka nemi wani.

Kalle shi daga farko, kada ka yi tsalle zuwa faɗan. Bayan ka gama, koma kan faɗan kaɗai, ka kashe sauti, ka rage gudu zuwa rabi, ka bar kallon takubba ka kalli ƙafafu da idanu. Za ka ga inda kowace gaɓa ta fara da inda ta ƙare, za ka ga Ferrer yana fara ja da baya kafin Granger ya taso, kuma a bakin barandar nan za ka iya ƙirga motsi nawa suka yi a ɗauka ɗaya kafin a yanke.